Zoben da babu mai iya riƙe shi: addinin Kirista, 'yancin siyasa da labaran almara

Yaya aka yi labarin wasu gajerun mutane masu gashi a ƙafa, waɗanda ba su taɓa wanzuwa ba, ya zama abin ja-in-ja tsakanin 'yan siyasa? A watan Nuwamban 2023 ma'aikatar al'adun Italiya ta ɗauki nauyin wani baje koli a birnin Roma don cika shekara 50 da mutuwar J.R.R. Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, littafin da ke ba da labarin waɗannan gajerun mutane (hobbit) da wani zobe mai ba da iko, kuma Firaminista Giorgia Meloni ta je ta gani da idonta. Masu suka suka ce masu ra'ayin riƙau na neman yin awon gaba da marubucin. A Amurka, JD Vance, wanda ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2025, ya ce Tolkien ya yi tasiri a kan ra'ayinsa, kuma sunan kamfaninsa na zuba jari, Narya, daga littafin ya ciro shi. Alhali a shekarun 1960 samarin da ke bijire wa hukuma da yaƙin Vietnam su ne suka rungumi littafin, har suna maƙala baji mai cewa a zaɓi Gandalf, tsohon bokan da ke cikin labarin, shugaban ƙasa.

A gefe guda akwai Kiristocin da ke ganin duk littafin da aka sa boka da sanda a ciki aikin Shaiɗan ne, akwai kuma iyaye Musulmi da ke zargin wa'azi ne aka naɗe a cikin tatsuniya. Kowannensu ya kama wani gefe na maganar. Abin da ya fi kuɓuce wa mutane shi ne inda addinin ya haɗu da siyasar.

Me ake nufi da almara, me kuma ake nufi da 'yanci

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Wanda ya tashi da Gizo da Ƙoƙi, ya karanta Ruwan Bagaja ko Ganɗoki a makaranta, ya san labarin da aljanu ke magana da mutane, tafiya kuma ta kai jarumi bangon duniya. Bambancin irin almarar da muke magana a kai shi ne marubucin yakan gina duniya sukutum, da taswirarta da harsunanta da jerin sarakunanta. Tolkien malamin harsuna ne a jami'ar Oxford, kuma da bakinsa ya ce harsunan ya fara ƙirƙira, daga baya ya nemo musu duniyar da za a yi magana da su. Littafinsa The Hobbit ya fito a 1937, shekarar da Magana Jari Ce ya fara fitowa a Zariya.

'Yancin siyasa kuwa, a bakin Tolkien da abokinsa marubuci C.S. Lewis, ya wuce jefa ƙuri'a. Nufinsa mai mulki yana da iyaka: akwai wuraren da ba huruminsa ba ne, kamar imanin mutum da gidansa da gonarsa da abin da zai furta. Ƙasa na iya yin zaɓe duk bayan shekara huɗu kuma a rasa wannan iyaka. Iyakar ce ta fi damunsu, fiye da akwatin zaɓe.

Mutum biyu a Oxford

An haifi Tolkien a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu a 1892. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara huɗu. A 1900 mahaifiyarsa ta koma ɗariƙar Katolika, danginta suka janye taimakon da suke ba ta, ta rasu a 1904 da ciwon suga, ta bar shi a hannun wani limamin coci a Birmingham. Har ya mutu yana ganin imaninta ne ya ja mata wannan wahala. Kada a manta Katolika tsiraru ne a Ingila: sai a 1829 aka yarda su zauna a majalisa. Ya san ɗanɗanon zama wanda ake kallo a karkace saboda addini. Ya kuma san yaƙi, don yana fagen Somme na Faransa a 1916, lokacin yaƙin duniya na ɗaya, kuma ya rubuta cewa kafin 1918 ta ƙare duk aminansa na kusa sun mutu sai guda ɗaya.

C.S. Lewis ɗan Belfast ne, haihuwar 1898, ya bar addini tun yana yaro, shi ma ya samu rauni a yaƙin. Wani dare a watan Satumban 1931 shi da Tolkien da abokinsu Hugo Dyson suka yi ta zagaya lambun kwalejin Magdalen suna muhawara har tsakar dare. Lewis na ganin tatsuniyoyin dā ƙarya ce mai daɗin ji. Tolkien ya ce masa a'a, tarkacen gaskiya ne, kuma labarin Yesu Almasihu shi ne tatsuniyar da ta faru da gaske. Ba a jima ba Lewis ya karɓi addinin Kirista, amma ya tsaya a cocin Angilika, abin da bai yi wa Tolkien daɗi ba. Daga baya su da wasu abokai suka riƙa haɗuwa suna karanta wa juna abin da suka rubuta. Daga wannan zama aka samu littattafan almarar Lewis guda bakwai na ƙasar Narnia tsakanin 1950 da 1956, da The Lord of the Rings a 1954 da 1955.

Ba su suka fara ba. John Bunyan ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford saboda ya ƙi daina wa'azi ba da izinin cocin gwamnati ba, kuma shi ya rubuta The Pilgrim's Progress, labarin matafiyi mai gamuwa da dodanni, wanda ya fito a 1678. Wato tun asali almarar Kiristan Ingila ta san ƙofar gidan yari.

Aƙidar Faɗuwa, da yadda ta zama siyasa

A nan zancen yake. Yawancin Kiristocin Yamma sun yi imani cewa saɓon da Adamu ya yi ya bar tabo a kan zuriyarsa duka, har zuciyar kowane mutum ta karkace. Suna kiran wannan Faɗuwa, ko zunubin asali. Wanda ya fi kowa tsara wannan koyarwa ɗan Afirka ne, Agustin, bishop ɗin Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a 430. Shi ne ya yi tambayar nan: in aka cire adalci, me ya raba masarauta da gungun 'yan fashi in ban da girma?

Musulunci bai yarda da gadon zunubi ba. Annabi Adamu ya tuba an yafe masa, kuma babu mai ɗaukar laifin wani. Amma sakamakon da Lewis ya ciro daga aƙidar tasa ba zai zama baƙo a kunnen Musulmi ba. A wata maƙala ta 1943 ya ce mutane da yawa na goyon bayan dimokuraɗiyya don suna ganin jama'a na da hikima da nagartar da ta sa kowa ya cancanci rabo a mulki, shi kuwa dalilinsa akasin haka ne: ɗan Adam ya lalace har ba wanda za a iya damƙa wa iko marar linzami a kan 'yan'uwansa. Ya ce ya ƙi bauta ne don bai ga wanda ya dace ya zama ubangida ba.

A watan Nuwamban shekarar, Tolkien ya rubuta wa ɗansa Christopher, wanda ke aikin sojan sama, cewa aikin da ya fi kowane rashin dacewa da mutum, ko da waliyyi ne, shi ne juya wasu mutane. Ya ce ko ɗaya cikin miliyan bai cancanta ba, balle masu nema. Wanda ya san hadisin da Annabi (SAW) ya hana Abdurrahman bin Samura neman shugabanci zai gyaɗa kai. Sanannen zancen nan cewa mulki na ɓata mutum, cikakken mulki kuma na ɓata shi gaba ɗaya, na wani ɗan Katolika ne, Lord Acton, a wasiƙarsa ta 1887, kuma abin da mutane ke mantawa shi ne a kan fafaroma da sarakuna yake magana.

Sai dai a faɗi gaskiya, Littafi Mai Tsarki ɗaya ne aka karanta ta fuska biyu. A cikinsa akwai “ku ba Kaisar abin da ke na Kaisar, ku ba Allah abin da ke na Allah”, da gargaɗin annabi Sama'ila ga Isra'ilawa cewa sarkin da suke roƙo zai ƙwace 'ya'yansu da gonakinsu. A cikinsa kuma akwai Romawa sura 13, mai umarni da biyayya ga mahukunta, wadda sarakunan Turai da masu bayi suka daɗe suna fakewa da ita. Tolkien da Lewis reshe guda suka kama, ba dukan bishiyar ba.

Zoben, daga kusa

Duk The Lord of the Rings babu coci, babu limami, ba a ambaci Almasihu ko sau ɗaya ba. Amma a 1953 Tolkien ya rubuta wa wani abokinsa malamin Katolika cewa littafin na addini ne tun daga tushe, kuma da gangan ya cire duk wani abu mai kama da ibada don addinin ya narke cikin labarin. Ya bar 'yan alamu ga mai lura: ayarin da zai kai zoben a halaka shi ya tashi ranar 25 ga Disamba, zoben ya halaka ranar 25 ga Maris, ranar da tsohuwar al'adar coci ke ɗauka ta gicciye.

Zoben makami ne na mallake zukatan wasu, wanda mugun sarki Sauron ya ƙera. A yawancin labaran jarumta, in makamin abokin gaba ya faɗo hannunka, sai ka juya shi kansa. A nan an haramta hakan. Tun a farkon littafin, Frodo, ɗan hobbit ɗin da zoben ya faɗo hannunsa, a cikin ɗakinsa, ya miƙa wa Gandalf zoben ya ce kai mai hikima ne, ka karɓa. Tsohon ya zabura ya miƙe tsaye, ya ce kada a jarrabe shi, don ta ƙofar tausayi zoben zai shiga zuciyarsa, ta son ya samu ƙarfin taimakon raunana. A wata wasiƙa ta 1963 Tolkien ya ce da Gandalf ya karɓa da ya fi Sauron muni, don zai riƙa tilasta wa mutane alheri har alherin ya zama abin ƙyama. Mai karatu Kirista zai tuna Matiyu sura 4, inda Shaiɗan ya nuna wa Yesu mulkokin duniya ya ce zai ba shi. Boromir kuwa, jarumi mai kishin ƙasa cikin abokan tafiyar Frodo, garinsu kawai yake son ya kare, kuma wannan kishin ne ya sa ya kai wa Frodo hannu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarshen. Bayan duk wahalar, Frodo ya tsaya a bakin wutar da zai jefa zoben, ya ce ya fasa, zoben nasa ne. Jarumin ya faɗi jarrabawa. Gollum, wulaƙantaccen halittar da Bilbo (wanda ya bar wa Frodo zoben) da Frodo da Sam (abokin tafiyarsa) kowa ya samu damar kashewa ya ƙyale, shi ya gatse yatsan, ya zame cikin wutar da zoben a hannu. Tolkien ya danganta wannan da Addu'ar Ubangiji, inda ake roƙon gafara kamar yadda ake gafarta wa wasu, da roƙon kada a kai mutum cikin jaraba. A siyasance ma'anar a fili take: ko mafi tawali'u a cikin jama'a, in ya daɗe da abin a wuya, ba zai ajiye da kansa ba.

Ƙasar gajerun mutanen, Shire, ita ce hoton 'yancin da Tolkien ke so. Magajin garinsu ana zaɓensa duk shekara bakwai, kuma babban aikinsa shugabantar walima. 'Yan dokarsu 12 ne kacal, mafi yawan aikinsu kamo dabbobin da suka ɓata. Da su Frodo suka dawo gida sai suka tarar an kafa dokoki a bango, an rufe wuraren hira, an sare bishiyoyi, an naɗa masu “tarawa da rabawa” da ke kwashe amfanin gona da sunan rabon adalci, rabon da ba ya isowa. Masu ra'ayin riƙau na nuna wannan babi su ce ga gurguzu. Masu ra'ayin sauyi su ce a duba yadda abin ya fara: wani mai kuɗi ne ya yi ta sayen gonaki da injin niƙa yana fitar da kaya waje. Duka biyun suna cikin babin. Fina-finan Peter Jackson na 2001 zuwa 2003 sun tsallake shi baki ɗaya, shi ya sa wanda fim kawai ya kalla yake ɗauka labarin ya ƙare da naɗin sarki.

Narnia: wa'azi a fili, da jaki cikin fatar zaki

Lewis bai ɓoye komai ba. Zakin nan Aslan ya ba da ransa fansar yaron da ya ci amana, aka yanka shi a kan teburin dutse, ya tashi da asuba. Duk ɗan Kirista ya san labarin wa ake ba shi. Tolkien bai so littattafan ba ko kaɗan. Shi a ganinsa in marubuci ya ɗaure kowane abu da ma'ana guda, ya mallake mai karatu, kuma ya fi son a bar mai karatu da 'yancinsa. Ko a dabarar rubutu, ka ga, zancen iko ne.

Amma Lewis ɗin ne ya rubuta mafi zafin suka ga masu cin abinci da addini. A littafin ƙarshe, wani tsohon biri ya tsinci fatar zaki, ya lulluɓa wa wani jaki marar wayo, ya ɓoye shi a bukka yana fito da shi da dare daga nesa. Da sunan Aslan birin ya sa aka sare daji, aka tura dabbobi aikin bauta, kuɗin na shiga hannunsa. Da suka yi ƙorafi ya ce musu 'yanci na gaskiya shi ne su yi abin da ya ce. Da asiri ya tonu, wasu suka daina yarda da Aslan na gaskiyar ma. Lewis ya rubuta cewa mulkin masu da'awar suna magana da yawun Allah ya fi kowane mulki muni, ya yi adawa da kafa jam'iyyar Kirista a 1941, kuma a 1951 ya ƙi karɓar lambar girmamawa daga gwamnatin Churchill don kada a ce rubutunsa na addini farfagandar wani ɓangare ce.

Abin da masu suka ke cewa

Suka ta farko: in ana tsoron mulki haka, me ya sa labaran ke ƙarewa da sarki na gado? Marubucin almara George R.R. Martin ya yi tambaya a 2014 cewa an ce Aragorn, sarkin da aka naɗa a ƙarshen labarin Tolkien, ya yi mulkin adalci, to mene ne tsarin harajinsa? Tambayar ta zauna. Magoya baya na amsawa cewa sarkin Tolkien mai iyaka ne, har ya kafa dokar hana 'yan Adam, dogayen mutane, shiga Shire kuma shi ma ya bi ta. Amsar ba ta cika gamsar da ni ba, don iyakar da ta dogara da halin sarki kaɗai ita ce ainihin abin da Lewis ya ce kada a yarda da shi.

Ta biyu ta fi shafar mu. Maƙiyan Narnia, mutanen Calormen, baƙaƙe-baƙaƙe ne masu rawani da lanƙwasassun takubba, daga ƙetaren hamada. Lewis ya sa su bautar gunki mai kan tsuntsu, ya kuma sa wani saurayinsu mai gaskiya ya samu karɓuwa wurin Aslan, amma duk wanda ya ga hoton ya san daga inda aka aro shi. A Tolkien ma mayaƙan kudu da gabas suna bayan Sauron. Tolkien ɗin da ya ce a 1959 ƙin wariyar launin fata na cikin ƙashinsa, wanda kuma a 1938 ya rubuta zazzafar amsa ga mawallafan Jamus da suka tambaye shi ko yana da jinin Yahudawa, shi ne kuma ya karkata ga ɓangaren Janar Franco, wanda ya zama ɗan kama-karya, a yaƙin basasar Sifaniya saboda kisan dubban limaman coci. Tsoron mulkin nasa bai hana shi rufe ido ba lokacin da mai mulkin ke kare cocinsa.

Wani marubucin almara, Philip Pullman, ya ɗauki hanyar gaba da gaba: a littattafansa uku na 1995 zuwa 2000 cocin ne azzalumi. Abin lura shi ne har shi bai fita daga tambayar ba, ya dai canza wanda ke riƙe da zoben.

Masu ƙona littattafai

A Disamban 2001 wani coci a garin Alamogordo na jihar New Mexico ya cinna wa littattafan Harry Potter wuta, yana kafa hujja da ayoyin da suka haramta sihiri. A 2007 marubuciyar, J.K. Rowling, ta ce kamannin labarin da addinin Kirista a fili suke, kuma a littafin ƙarshe an rubuta ayoyin Matiyu da Korintiyawa a kan kaburbura. Gandalf ma, a bayanin Tolkien, wani irin mala'ika ne da aka aiko cikin jikin tsoho, kuma an hana shi tilasta wa kowa.

Ina ruwan talaka

Ga uba ko uwa da yaransu ke kallon waɗannan fina-finai a waya, amfanin sani shi ne a rarrabe. Narnia koyarwar fansa ce kai tsaye, kuma iyalin Musulmi na da haƙƙin su san haka kafin su yanke shawara, kamar yadda iyalin Kirista za su so su sani. Tolkien sai an tona, kuma abin da yaro zai fi ɗauka shi ne tausayi da tsoron son mulki.

Sai kuma sunayen da suka fito daga littafi suka shiga kasuwa. Palantir, kamfanin da attajiri Peter Thiel da abokansa suka kafa a 2003, yana tace bayanan jama'a ga sojoji da hukumomin leƙen asiri da na shige da fice na Amurka, kuma a 2023 ya samu kwangilar bayanan hukumar lafiyar Ingila. A littafin, wannan suna na wasu duwatsu ne da ake hango nesa da su. Ba sa ƙarya, amma mai ƙarfi na iya zaɓar abin da za su nuna maka. Denethor, mai riƙon masarautar Gondor da ke yaƙi da Sauron, ya ga ayarin jirage masu baƙaƙen filafilai na tahowa, ya yanke ƙauna ya ƙona kansa, ashe agaji ne ke cikin jiragen.

Tun 2022 kuma 'yan Ukraine da dama ke kiran sojojin Rasha da sunan dodannin Tolkien, wato Orc, halittun da ake kashewa a labarin ba tare da an yi juyayi ba. Ana iya fahimtar fushin wanda aka rusa wa gida. Amma marubucin, a 1944, yaƙi da Hitler na ci, ya rubuta wa ɗansa cewa a rayuwa ta zahiri irin waɗannan dodanni na kowane ɓangare, kuma Ingila da ƙawayenta na ƙoƙarin cin Sauron da zoben ne, abin da zai haifi sababbin Sauron. A cikin littafin akwai inda wani mayaƙin kudu ya faɗo matacce kusa da Sam, fuska a ƙasa, kibiyoyi a wuya. Sam ya ji daɗi da bai ga fuskar ba. Ya tsaya yana tunanin ko mene ne sunan mutumin, daga wane gari ya fito, wace ƙarya ko barazana ta raba shi da gida, kuma ko da bai fi so ya zauna can cikin lafiya ba.